Tambayoyi da Amsoshi kan Tushen Bayoloji da Kemistiri ga Mai Farawa

Waɗannan su ne tambayoyin da ɗaliban da suka shiga ajin kimiyya a babbar sakandare suka fi yi a zangon farko, lokacin da sababbin kalmomi ke zubo musu ta ko'ina. An amsa su ne don a fahimci abin da kalmomin ke nufi, domin wanda ya haddace ma'ana bai gane ta ba, da an juya masa tambaya a jarrabawa sai ya tsaya cak.

Malam, mene ne bambancin bayoloji da kemistiri?

Bayoloji ilimin abubuwa masu rai ne: mutum, dabba, tsiro, da ƙananan halittun da ido ba ya gani. Kemistiri kuwa ilimin sinadarai ne, wato da me aka yi abu, kuma me yake zama idan ya haɗu da wani. A makaranta kowanne da malaminsa, a WAEC da NECO kowanne da takardarsa, amma a jikin mai rai ba a rabe suke ba. Dubi madarar da aka ajiye a ƙwarya ta kwana ta zama nono. Ƙwayoyin bakteriya ne suka ci sukarin da ke cikinta, wannan bayoloji ne. Sun mayar da sukarin asid mai tsami, asid ɗin ya sa furotin na madarar ya kama jikinsa ya yi kauri, wannan kuma kemistiri ne. Jikin mutum kansa, kusan kashi 96 cikin 100 na nauyinsa sinadarai huɗu ne kacal: oksijin wajen kashi 65, kabon 18, haidurojin 10, naiturojin 3. Shi ya sa ɗalibin da ya yi wa kemistiri riƙon sakainar kashi yake shan wuya in an zo babin narkewar abinci da na gado.

Atom, elemen, molikul da haɗaɗɗen sinadari duk sun rikice mini. Yaya ake rarrabe su?

Atom, wanda ake kira ƙwayar zarra, shi ne mafi ƙanƙantar yanki na wani sinadari da har yanzu yake ɗauke da halin sinadarin. Elemen abu ne da aka gina da atom iri ɗaya tak: zinariya, ƙarfe, tagulla, oksijin. Zuwa yau an san guda 118. Idan atom biyu ko fiye suka ɗaure da juna suka zama ƙwaya guda, an sami molikul. Idan atom ɗin da suka ɗauru na elemen daban-daban ne, kuma bisa ƙayyadadden lissafi, an sami haɗaɗɗen sinadari. Ruwa misali ne: haidurojin biyu, oksijin ɗaya, H₂O, ko na rijiya ne ko na kogin Kwara.

Abin da ya kamata a riƙe shi ne haɗaɗɗen sinadari ba ya gadon halin iyayensa. Sodiyam ƙarfe ne mai laushi da ke kamawa da wuta in ya taɓa ruwa. Kulorin iska ce mai guba, an ma yi yaƙi da ita a Turai a 1915. Amma su biyun da suka haɗu, gishirin miya ne, NaCl. Haka kuma atom guda na iya zama tazarar da ke tsakanin rai da mutuwa. CO₂, mai kabon ɗaya da oksijin biyu, ita ce iskar da muke fitarwa a numfashi. CO kuwa, mai oksijin ɗaya, ita ce ke fita daga gawayin da ke ci a ɗakin da aka rufe lokacin hunturu, da hayaƙin janareta. Ba ta da launi ba ta da wari, kuma tana kama jini fiye da oksijin sau ɗari biyu ko fiye. Ita ce ke kashe iyali guda cikin barci.

To cakuɗe fa?

Cakuɗe shi ne abubuwa su gauraya ba tare da sun ɗaure da juna ba, kowanne na riƙe da halinsa, kuma babu ƙayyadadden lissafi. Fura da nono cakuɗe ne. Iskar da muke shaƙa ma haka: kusan kashi 78 naiturojin, 21 oksijin, sauran 'yan tsiraru. Ana raba cakuɗe da dabaru masu sauƙi: shiƙa, tankaɗe, tacewa, shanya. Mutanen Bilma a Nijar da suke barin ruwan gishiri a ramuka rana ta ƙafar da shi su kwashe gishirin su yi kantu, dabarar da ke cikin littafinku suke yi.

Me ke cikin atom, kuma mene ne aisotof?

A tsakiyarsa akwai cibiya mai ɗauke da furoton, masu caji na ƙari, da niyutiron marasa caji. A kewaye kuma ilektiron ne, masu caji na ragi. Yawan furoton shi ne lambar atom, kuma shi ne ke faɗin ko wane elemen ne: ɗaya haidurojin, 6 kabon, 8 oksijin, 26 ƙarfe, 79 zinariya. Ilektiron na can waje su ne ke yin duk wata hulɗa, ana bayar da su, ana karɓa, ana tarayya a kansu. Atom ɗin da ya bayar ko ya karɓi ilektiron har ya sami caji shi ake kira ayon.

Aisotof kuwa atom ne na elemen ɗaya da suka bambanta a yawan niyutiron. Yuraniyam da ake haƙa a Arlit tun 1971 kowane atom nasa furoton 92 gare shi. Amma mafi yawansa mai niyutiron 146 ne, shi ne yuraniyam-238. Mai niyutiron 143, wato yuraniyam-235, bai wuce kashi 0.7 cikin 100 ba, kuma shi ne ake nema a tashoshin lantarki na nukiliya. Duk tataɓurzar da ake ji a labarai kan tace yuraniyam, ƙara yawan wannan ɗan kason ne.

Dole ne in haddace jadawalin elemen gaba ɗaya?

A'a. Ashirin na farko, daga haidurojin zuwa kalsiyam, su ne ake buƙata a ka, sai wasu ƙarafa da ake yawan ambata. Abin da ya fi haddar amfani shi ne sanin dalilin jerin. Dmitri Mendeleev, ɗan Rasha, ya jera elemen a 1869 ya ga halayensu na maimaituwa, har ya bar gurabe ya ce akwai waɗanda ba a gano ba tukuna, ya kuma faɗi yadda za su kasance. Aka gano galiyam a 1875 da jamaniyam a 1886, suka zo daidai da abin da ya faɗa. Duk waɗanda ke layi ɗaya daga sama zuwa ƙasa dangi ne: in ka san halin sodiyam, ka kusa sanin na fotasiyam.

Alamomin da ke ba ɗalibai wahala su ne waɗanda aka ɗauko daga Latin: Na sodiyam, K fotasiyam, Fe ƙarfe, Cu tagulla, Au zinariya, Pb dalma. Ita dalmar nan mun san ta a hanya mai ciwo. A 2010, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, duwatsun zinariya da ake dakawa a cikin gidaje suna ɗauke da dalma, ƙurar ta shiga jikin yara, fiye da 400 suka rasu.

Yaya zan gane sauyi na zahiri da sauyi na sinadari?

Tambayi kanka: an sami sabon abu? Niƙa gero, narkewar ƙanƙara, zuba sukari a shayi, duk siffa ce ta sauya, abin na nan. Ƙona itace, tsatsar kwanon rufi, dahuwar ƙwai, an sami sabon abu, kuma ba a komawa baya cikin sauƙi.

Wanda ke son ganin sauyin sinadari ido da ido ya je marina, ko ta Ƙofar Mata a Kano ko wata. Shuni ba ya narkewa a ruwa, saboda haka ba zai shiga zare haka nan ba. Marini yakan haɗa shi da toka da katsi a cikin rami, ya bar shi kwanaki ya ruɓa. Tokar ta sa ruwan ya zama mai kaifi, bakteriya kuma suna cinye oksijin ɗin da ke ciki, suna tura wa shunin ilektiron har ya koma wani nau'i mai narkewa. Tsaya ka kalli ƙyallen a lokacin da aka ɗago shi: ba shuɗi yake fitowa ba, kore-kore ne mai ɗan rawaya. Marinin ya matse shi, ya buɗe shi a iska, sai ka ga launin na juyawa a hannunsa har ya zama shuɗi. Oksijin ne ya karɓe ilektiron ɗin, shunin ya koma marar narkewa, ya maƙale a cikin zaren. Shi ya sa ake tsomawa a ɗago, a tsoma a ɗago, har launin ya kai yadda ake so. Rasa ilektiron shi ake kira oksideshan, samunsa kuma ridakshan, kuma kullum tare suke tafiya, domin abin da wani ya rasa wani ne ya karɓa.

Mene ne asid da bes, kuma me pH ke aunawa?

Asid sinadari ne da ke sakin ayon na haidurojin a ruwa. Tsamin lemon tsami, da na tsamiya, da na nono, duk aikinsa ne. Bes kishiyarsa ce, tana karɓar wannan ayon, tana da santsi a hannu da ɗan ɗaci: ruwan toka, kanwa, sodar da ake sabulu da ita. Idan suka haɗu sai su kashe kaifin juna, a sami gishiri da ruwa. Uwargidan da ta jefa 'yar kanwa a miyar yakuwa don rage tsami wannan aikin ta yi.

Ma'aunin pH, wanda Søren Sørensen ɗan Denmak ya fito da shi a 1909, yana tafiya daga 0 zuwa 14. Bakwai tsaka-tsaki ne, ƙasa da haka asid, sama da haka bes. Lemon tsami wajen 2, tsabtataccen ruwa 7, jinin mutum tsakanin 7.35 da 7.45. Inda ake yawan faɗuwa: kowane mataki ɗaya ninki goma ne, saboda haka pH 3 ya fi pH 5 ƙarfin asid sau ɗari, ba sau biyu ba.

Makarantar da ba ta da takardar litmos, wadda ke sauya launi ta nuna asid ko bes, ba ta da uzuri, tunda akwai zoɓo. A jiƙa shi a tace, a zuba a kofi uku na gilashi. A matsa lemon tsami a na farko, jan zai ƙara haske. A bar na biyu yadda yake. A zuba ruwan kanwa a na uku, zai yi duhu ya karkata zuwa kore. A gefe kuma a ɗiga lemon tsami a kan garin kanwa, za a ga kumfa na tashi, iskar CO₂ ce. Gargaɗi biyu: in za a tsarma asid mai ƙarfi irin ruwan batir, asid ake zubawa a ruwa a hankali, ba a zuba ruwa a asid. Kuma kada a haɗa ruwan bilic da maganin wanke masai mai asid, kulorin ke tashi.

Mol fa? Shi ne ya fi ba ni tsoro.

Ƙidaya ce kawai. Atom sun yi ƙanƙanta da yawa a ƙirga su ɗaya-ɗaya, sai aka tsayar da adadi guda, 6.022 × 10²³, aka kira shi mol ɗaya. An zaɓe shi ne yadda nauyin mol ɗaya a giram zai yi daidai da lambar nauyin da ke jadawali. Kabon giram 12 mol ɗaya ne. Ruwa giram 18, kimanin cokali ɗaya babba da ɗan ɗori, mol ɗaya ne. Raba nauyin da aka ba ka da nauyin mol ɗaya, ka sami yawan mol. Yawancin lissafin shekarar farko bai wuce nan ba.

Mene ne sel, kuma wa ya fara ganinsa?

Sel shi ne mafi ƙanƙantar abin da za a ce yana da rai. A rediyo za ka ji ana cewa ƙwayar halitta ga sel da kuma abin da ake gada daga iyaye, to a nan sel daban, ƙwayar gado daban. Robert Hooke a Ingila ya ga 'yan ɗakuna a ɓawon itace da madubin ƙara girma a 1665. Antonie van Leeuwenhoek, ɗan kasuwar yadi a Holan, shi ya fara ganin bakteriya a shekarun 1670. Sai a 1838 da 1839 Schleiden da Schwann suka tsayar da cewa tsiro da dabba duk da sel aka gina su, Virchow kuma ya ƙara a 1855 cewa kowane sel daga wani sel ya fito.

Kowane sel na da tantanin da ya kewaye shi yana tace abin da zai shiga da wanda zai fita, da ruwa mai kauri a ciki. Na dabba da na tsiro suna da cibiya inda bayanan gado suke, da maitokondiriya inda ake fitar da ƙarfi daga abinci. Na tsiro ya ƙara da bango mai tauri da kulorofilas mai koren launi. Bakteriya ba su da cibiya mai tantani. Jan sel na jinin mutum ma, in ya balaga, ba shi da cibiya, kuma masu shirya jarrabawa na son wannan tambayar.

Bakteriya da bairos ba duk ƙwayoyin cuta ba ne?

Ba ɗaya ba ne, kuma rashin sanin haka na jawo ɓarna. Bakteriya sel ce cikakkiya, tana ci tana rabuwa da kanta, kuma mafi yawansu ba sa cutarwa: su ke yin nono, su ke ruɓar da kalwa ta zama daddawa. Wasu ne ke kawo tarin fuka, kwalara da taifod. Bairos ba sel ba ne, ɗan bayanin gado ne a cikin kwanson furotin, ba ya hayayyafa sai ya shiga sel ɗin wani. Mura, ƙyanda, shan inna da ƙanjamau nasa ne. Maganin antibayotik, wanda ya samo asali daga fenisilin da Alexander Fleming ya gano a 1928, bakteriya yake kashewa, ba ya taɓa bairos. Mai sayen kafso a kemis don mura asarar kuɗi yake yi, yana kuma koya wa bakteriyar jikinsa jure magani. Zazzaɓin cizon sauro ba ya cikin biyun: wata halitta ce mai sel ɗaya da cibiya, Plasmodium, wadda Laveran ya gani a jini a 1880, Ronald Ross kuma ya gano ta a cikin sauro a 1897.

Mene ne enzayim?

Furotin ne da ke hanzarta sauyin sinadari ba tare da shi ya ƙare ba. Dillali ne a kasuwar shanu: ya haɗa mai saye da mai sayarwa, ciniki ya faɗa, shi kuma ya wuce zuwa na gaba. Kowanne da aikinsa: amiles na yawu sitaci kawai yake farfasawa zuwa sukari. Masu kunun zaƙi sun san aikinsa. Sukan dama kaso ɗaya na ƙullun da tafasasshen ruwa ya yi kauri, su bari ya ɗan huce, sannan su zuba ɗanyen kason da aka niƙa da dankali ko tsiron hatsi. Kafin safiya kunun ya tsinke ya yi zaƙi. Da a kan tafasa aka zuba, zafi zai lalata siffar enzayim ɗin, aikin ya tsaya.

A ina tsiro ke samun abincinsa? Ba daga ƙasa ba?

Ruwa da ma'adinai yake ɗauka daga ƙasa, abincin kuwa shi ke haɗa kayansa. A ƙarni na 17 Jan van Helmont ya shuka itace a tukunya, yana ba shi ruwa kawai shekara biyar. Itacen ya ƙaru da kusan kilo 74, ƙasar kuwa ba ta ragu da ko giram 60 ba. Ya ce ruwa ne ya zama itace, bai san rabon iska a ciki ba. Ganye na amfani da hasken rana ya haɗa CO₂ da ruwa su zama sukarin gulukos, ya saki oksijin. Wannan ne fotosintesis. Numfashin sel kuma juyinsa ne: a ƙona gulukos da oksijin a sami ƙarfi. Kuskuren da ake yi shi ne zaton tsiro da dare kawai yake numfashi. Dare da rana yake yi, da rana ne dai fotosintesis ke rinjaye.

Daga cikin abin da yake ɗauka a ƙasa, uku suka fi: naiturojin, fosfaras da fotasiyam, su ne NPK da ke jikin buhun taki. Yuriya kashi 46 cikin 100 naiturojin ce. Tumɓuke wake ko gyaɗa ka duba saiwar, za ka ga 'yan ƙulle-ƙulle. Bakteriya ne a ciki suke kamo naiturojin daga iska, dalilin da ya sa gonar da aka haɗa gero da wake ba ta saurin gajiya.

DNA, ƙwayar gado, kuromosom da jinotayif: wanne ne wanne?

DNA dogon molikul ne mai ɗauke da bayanan ginin jiki, an rubuta shi da haruffa huɗu, A, T, G, C. Watson da Crick suka bayyana siffarsa a 1953, da taimakon hotunan da aka ɗauka a ɗakin binciken Rosalind Franklin. Ƙwayar gado yanki ne na DNA mai umarnin gina furotin guda, mutum na da wajen 20,000. Kuromosom DNA ne a naɗe. Muna da 46, 23 daga uwa, 23 daga uba. Mace XX ce, namiji XY. Ƙwan uwa kullum X yake bayarwa, maniyyin uba ne ke zuwa da X ko Y. Saboda haka mai tsangwamar matarsa don tana haifar 'ya'ya mata bai san inda abin yake ba.

Jinotayif shi ne nau'in ƙwayoyin gadon da mutum ya karɓa daga ɓangarorin biyu. Wanda aka fi sani a nan shi ne na himogulobin, furotin ɗin da ke ɗaukar oksijin a jini. Harafi ɗaya ne ya sauya a DNA, ya sauya tubali ɗaya a furotin ɗin, sai jan sel ya lanƙwashe ya toshe ƙananan jijiyoyi. Wannan ce sikila, ko amosanin jini. Mai AS, wato wanda ya karɓi ƙwayar gado ta asali (A) daga ɓangare ɗaya da mai sauyin nan (S) daga ɗayan, lafiya lau yake, har yana da ɗan kariya daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, shi ya sa S ya yawaita a yankinmu: kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya na ɗauke da shi. Idan AS ya auri AS, kowane ciki na da damar ɗaya cikin huɗu ya zama SS. A lura, kowane ciki. Ba wai in an haifi mai SS guda sauran ukun sun tsira ba, duk huɗun na iya zama SS, ko kuma babu ko ɗaya. Irin wannan lissafin Gregor Mendel ya fitar daga gwajin da ya yi da waken Turawa, aka buga a 1866. Rukunin jini na A, B, AB da O, wanda Karl Landsteiner ya fara ganowa a 1901, wani abu ne daban, na ƙarin jini ne. Mai O bai tsira daga gwajin jinotayif kafin aure ba.

Me ya sa ake ba halittu sunayen Latin masu wuyar faɗi?

Don masani a Kano da na Sin su tabbata abu ɗaya suke magana a kai. Carl Linnaeus ɗan Suwidin ya daidaita tsarin a 1753 ga tsirrai. Suna biyu ne: na farko na dangi, da babban harafi, na biyu na jinsi, da ƙarami. Dawa Sorghum bicolor, wake Vigna unguiculata, kuka Adansonia digitata, mutum Homo sapiens. Ɗorawa kuwa Parkia biglobosa ce, an sa mata sunan Mungo Park, Baturen da ya mutu a Busa a 1806.

Jinsi a bayoloji shi ne halittun da za su iya haɗuwa su haifi 'ya'yan da su ma za su haihu. Doki da jaki dangi ɗaya ne, Equus, amma jinsinsu daban. Doki na da kuromosom 64, jaki 62. In jaki ya hau goɗiya a sami alfadari mai 63, kuromosom ɗinsa ba sa jeruwa biyu-biyu lokacin haɗa ƙwai ko maniyyi, shi ya sa kusan duk alfadarai ba sa haihuwa.